SANIN CIYAWA KAFIN CIRE TA
Lacca a kan baƙuwar ciyawa mai kaushi a shimfiɗar ciyawar gida, wadda aka gabatar a gaban taron manoma da malamai da ɗalibai a garin Getso

 

  

MUƘADDAMA

Maudu'in da aka ɗora mini yau shi ne yadda mai gida zai gane baƙuwar ciyawa mai kaushi da ta kutsa cikin shimfiɗar ciyawar da ya dasa a tsakar gidansa ko a ƙofar gida, da yadda zai raba ta da wurin ba tare da ya hallaka wadda yake so ba. Abu guda nake roƙon ku tafi da shi daga wannan majalisi, shi ne cewa ilmi yana gaban aiki, kuma wanda ya ɗaga fartanya ko ya goya tankin feshi tun bai san sunan ciyawar da ke gabansa da yadda take hayayyafa ba, sau da yawa yakan ƙara mata ƙarfi ne alhali yana zaton kashe ta yake yi.

Dasa ciyawa don ado al'ada ce da ta zo mana daga baya, domin abin da kakanninmu suka sani shi ne tsakar gida shararre, da daɓe, da rairayi mai tsabta a zaure. A Ingila al'adar ta bunƙasa, musamman bayan da wani makaniki mai suna Edwin Budding ya ƙera injin aske ciyawa a shekarar 1830. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka kawo ta unguwarsu ta Nasarawa da harabar makarantu da asibitoci, daga can kuma ta bi ma'aikata da 'yan kasuwa har ta iso gidajen garuruwa irin namu. Kuma lalle tana da fa'ida, gama tana danne ƙura lokacin hunturu, tana riƙe ƙasa kada ruwan indararo ya zaizaye ta, tana rage zafin da siminti ke mayarwa da rana, sannan ga ta wurin wasa mai laushi ga yara ƙanana. Amma idan aka sake ta har tofa da ƙarangiya suka ci ƙarfinta, sai maslahar ta koma mafsada, wurin ya zama maɓoyar macizai da kunamu da sauro da damina, ya zama makamashin gobara da rani.

FASALI NA FARKO: MENE NE BAƘUWAR CIYAWA?

Babu ciyawar da Allah ya halitta a banza. Gamba da ita ake saƙa zana, tofa da ita ake yin jinka, ƙyasuwa da harƙiya abincin dawaki da tumaki ne da ake ɗaurawa a kai kasuwa, kuma a shekarun fari mutanen ƙasashen Sahel sun sha sussuka ƙarangiya su ci ƙwayarta don su rayu. Abin da ke mayar da ciyawa abokiyar gaba shi ne fitowarta a inda ba a nufe ta ba. Hujja a kan haka tana cikin littafin da Leroy Holm da abokan aikinsa suka wallafa a 1977, inda suka jera ciyayin da suka fi cutar da noma a duniya: aya-aya ce ta zo ta ɗaya, tuji ta biyar, tofa ta bakwai, ta biyu kuwa ita ce kiri-kiri, wato ita wannan ciyawa da muke saye muna dasawa muna ba ta ruwa. A gonar gyaɗa annoba ce, a tsakar gida kuwa ni'ima.

Sanin waɗannan ciyayi ba sai mun je wata ƙasa neman sa ba. Lokacin da likita J. M. Dalziel ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattara su. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma, wadda asalinta ya faro a 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana nazarin ciyayin gonakinmu. Manomin da ke iya tsamo shibra daga cikin gero tun kafin ta fid da kai, shi ne ya fi kowa cancantar gane baƙuwa a cikin kiri-kiri, domin ido ɗaya ne ake bukata, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa kama da wane ba ta wane.

FASALI NA BIYU: ALAMOMIN GANEWA

Wajibi ne mutum ya fara sanin 'yar gida kafin ya nemi baƙuwa. Kiri-kiri, wadda masana ke kira Cynodon dactylon, ganyenta gajere ne siriri, launinta kore mai ɗan toka-toka, tana yaɗo a bisa ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa, tana kuma tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Tana son rana ƙwarai, tana jure taku da fari, amma ba ta jure inuwa mai duhu. To, duk tsiron da ya fi ta faɗin ganye, ko ya yi tuntu a wuri guda, ko ya riga ta tsawo kwana uku bayan an aske fili, ko ya bambanta da ita a launi, wannan abin tuhuma ne, sai a durƙusa a duba abu huɗu: ganye, da gindi, da kai, da saiwa. Saiwar ce mafi muhimmanci, domin ita ke raba ciyayin nan kashi biyu, kuma a kan wannan rabo hukuncin kowace yake ginuwa.

Kashi na farko su ne 'yan damina guda, waɗanda ke fitowa daga iri, su girma, su zubar da 'ya'ya, su mutu da kaka. Shugabarsu a tsakar gida ita ce tuji. Gindinta a baje yake, kararenta a matse kamar an danne su, fari-fari daga tushe, kanta kuwa yakan rabu reshe biyu zuwa bakwai, sau da yawa da guda ɗaya a ƙasa da sauran. 'Yar'uwar tamba ce, kuma duk wanda ya taɓa jan ta da hannu ya san ƙarfin saiwarta. Ta fi son inda ƙasa ta dandaƙe, wato hanyar da ake takawa zuwa rijiya, da inda ake ajiye babur ko mota, kuma tushe guda yana iya zubar da iri dubbai masu yawa. Sai harƙiya, dangin acca da iburu, mai ganye mai laushi da ɗan gashi, wadda ke kwantawa ta bazu ta kafa saiwa a gaɓoɓinta, ta fid da kai mai rassa sirara ƙwarai. Irinta yana bukatar hasken rana kafin ya tsiro, shi ya sa take cika duk inda kiri-kiri ta yi sanƙo. Sai guɗe-guɗe, mai kai gajere kauri da ya bazu kamar sawun tsuntsu, da ƙarangiya wadda 'ya'yanta ke manne wa tufafi da ƙafafun yara, dukansu biyu masoya jigawa. Ƙyasuwa kuma ba ta ɓuya, gama takan miƙe ta fi kowa tsawo a gefen katanga, ta fid da kai mai laushi ja-ja idan damina ta ja baya.

Kashi na biyu su ne masu dawwama, waɗanda rayuwarsu ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne suka fi wuyar sha'ani. Tofa ganyenta a tsaye yake, dogo, gefensa yana yanka hannu, da farar jijiya da ba ta cika zama daidai tsakiyar ganyen ba, furenta fari ne mai laushi da iska ke ɗauka. Idan aka haƙa gindinta za a tarar da fararen karare masu gaɓoɓi da tsini, suna ratsa ƙasa ta kowace fuska, kuma ƙaramin guntu mai gaɓa ya isa ya zama sabon tushe. A yankinmu ta fi yawa a fadamu da bakin rafi, daga can ake ɗebo ta cikin ƙasar ciko a kawo gida ba a sani ba. Ku dubi abin da ya faru a Amurka: a wajen 1912 ta shiga jihar Alabama cikin ciyawar da aka cusa a akwatunan kaya daga Japan, ga shi yau ta mamaye filaye masu faɗi a kudancin ƙasar, duk da dukiya da ilmin da mutanen can suke da shi.

Aya-aya kuwa, wadda wasu ke kira jiji, a haƙiƙa danginta dabam ne da na ciyawa, dangin aya ce da muke ci. Alamarta mai sauƙi ce: a murza karanta tsakanin yatsu, za a ji yana da kusurwa uku, ganyenta kuma yana sheƙi, yana fitowa ta fuska uku. A ƙarƙashin ƙasa tana da baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙamshi, a jere bisa siririyar jijiya, kuma idan aka fizge ganyen aka bar ƙwayoyin, waɗanda suke barci a cikinsu sai su farka, inda aka cire ɗaya a wayi gari da uku.

FASALI NA UKU: SABUBBAN SHIGOWARTA

Malamanmu sun koya mana cewa ba a kawar da hukunci sai an kawar da illarsa, haka nan baƙuwar ciyawa ba ta kafuwa sai ta sami ƙofa a buɗe. Ƙofa ta farko ita ce aski mai tsanani, inda mai gida, don gudun maimaita aiki, yakan sa a yanke ciyawa har ƙasa ta bayyana, rana ta sauka a kan irin harƙiya da tuji da ke kwance yana jira. Ta biyu ita ce yayyafin ruwa kaɗan-kaɗan kullum, wanda ba ya ratsa ƙasa, sai ya jiƙa samanta kawai inda irin baƙi yake, ya bar saiwar kiri-kiri ba ta nutsa ba; kishiyarsa kuma ita ce barin ruwan wanki ko na famfo ya kwanta a wuri guda, wanda shi ne abin da aya-aya ke so. Ta uku ita ce ɗanyen taki, domin irin ciyawa da yawa yana ratsa cikin dabba ya fito da ransa, wanda ya kwaso kashin tumaki daga turke ya watsa nan take ya shuka ciyawar daji da hannunsa. Ta huɗu ita ce dandaƙewar ƙasa saboda taku. Ta biyar ita ce inuwar darbejiya ko mangwaro, inda kiri-kiri ke ramewa ta bar fili. Ta shida ita ce ɗebo dashe daga bakin hanya ko fadama ba tare da an tsince shi ba.

FASALI NA HUƊU: HANYOYIN KAWARWA

'Yan damina guda maganinsu lokaci ne. Tun da rayuwarsu ta rataya ga iri, wanda ya hana su zubar da iri ya yanke zuriyarsu. Saboda haka, yadda ba a jinkirta noman firi a gona, haka ba a jinkirta cira a gida: daga faɗuwar ruwan shuka, a wajen watan Yuni, har zuwa Agusta, a riƙa zagaya fili duk mako, da safe bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Tuji a sa mata tsohuwar wuƙa ko bakin ƙaramar fartanya a yanke ƙarƙashin gindi, a ɗaga tushen gaba ɗaya. Harƙiya a fara bi da manjagara a tayar da rassanta da suka kwanta, sannan a tattara su a hannu a tumɓuke. Ƙarangiya a cire ta tun 'ya'yanta suna kore, idan kuwa sun riga sun bushe sun zuba, a ja tsohon buhun gwado ko bargo a bisa wurin, zai kwashe da yawa, a ƙone shi. Wadda aka cire kafin ta fid da kai a ba dabbobi. Wadda ta riga ta yi iri kada a jefa ta a juji, domin jujin nan gona zai koma. Kuma a yi haƙuri, gama irin da ya riga ya shiga ƙasa yakan yi shekaru yana fitowa kaɗan-kaɗan, sai an jera damina biyu ko uku ana wannan hidima kafin a ga sauƙi bayyananne.

Masu dawwama kuwa maganinsu haƙa ne da rana. Kuskure mafi girma a kan tofa shi ne cinna mata wuta, domin wuta ganye kawai take ci, ta share mata fili daga abokan takara, sai ta tofo da ƙarfi ta yi fure. Kuskure na biyu shi ne sassara ta da garma a bar guntayen a ƙasa mai laima, wanda daidai yake da dasa ta. Abin da ya dace shi ne a jira rani, a haƙa wurin da diga zurfin kamu ɗaya zuwa biyu, a faɗaɗa ramin ya wuce iyakar inda ganye ya bayyana, a bi ƙasar da hannu ko da rariya a tsince kowane kara da kowace ƙwayar aya-aya, a shanya su a rana su bushe ƙurmus sannan a ƙone, ƙasar kuma a bar ta a juye tana shan zafin bazara ana motsa ta lokaci-lokaci, gama bushewa tana kashe ƙwayar aya-aya. Tofa kuma ba ta jure duhu. Manoman Jamhuriyar Benin, tare da masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan, sun yi nasara a kanta ta hanyar shuka wani wake mai yaɗo da ke lulluɓe ta. A tsakar gida ana samun irin wannan sakamako idan aka sare ta aka rufe wurin da baƙar leda mai kauri ko tsohon kwano, aka danne gefuna, aka bar shi watanni.

Sannan ga wani sharaɗi da aikin ba ya inganta sai da shi: duk gurbin da aka cire baƙuwa, kada a bar shi tsirara. A sassauta ƙasar, a zuba ruɓaɓɓen taki wanda ya kwana a rami ya yi zafi ya huce, a yanko yaɗon kiri-kiri mai tsabta daga gefen fili a dasa, a ba shi ruwa har ya kama. Wajen aski kada a cire fiye da sulusin tsawon ganye a lokaci guda, a bar ta kamar faɗin yatsu biyu. Wajen ban ruwa a ƙosar da ita sau ɗaya ko biyu a mako. Inda ƙafa ta saba bi a jera duwatsu ko bulo a mayar da shi hanya, ƙarƙashin bishiya kuma a haƙura da ciyawa a zuba rairayi. Kiri-kiri idan ta yi kauri ta rufe ƙasa, ita da kanta take hana baƙin iri tsirowa, kuma wannan rigakafi ya fi kowane magani araha.

FASALI NA BIYAR: MAGANIN FESHI DA HAƘƘIN MAƘWABCI

Na san a kasuwanninmu yanzu babu rumfar kayan noma da ba a jera robobin maganin ciyawa ba, don haka dole in yi bayani filla-filla. Maganin da ake kira 2,4-D ciyayi masu faɗin ganye yake kashewa, ba ya taɓa tuji ko tofa, wanda ya saye shi dominsu ya yi asarar kuɗinsa. Gilaifoset, wanda aka fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yana bin ganye ya gangara har saiwa, don haka yana aiki a kan tofa idan tana cikin girma da ɗanyen ganye, amma ba ya tantancewa, kiri-kiri ma kashe ta zai yi. Wanda larura ta sa shi amfani da shi a tsakiyar fili, sai ya sa safar roba ya shafa shi da soso a ganyen baƙuwar kaɗai, a ranar da babu iska kuma babu alamar hadari. Farakwat kuwa ganye yake ƙonawa ya bar saiwa da rai, ga shi dafi ne mai kisa wanda ba a san makarinsa ba, har Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Ina yi muku nasiha da babbar murya, kada ya shiga gidan da yara da kaji da awaki suke. Ku sani kuma dogaro da magani guda yana haifar da ciyawar da ba ta jin sa, kamar yadda aka gano tuji mai jure gilaifoset a ƙasar Malesiya a 1997. Kafin a saya a nemi shawarar malamin gona na hukumar KNARDA, a duba lambar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta, kada a juye magani a kwalbar lemo, kada a wanke tanki kusa da rijiya, kada kuma a ba dabba ciyawar da aka fesa. Ƙa'idar shari'a sananniya ce, cewa cuta ana gusar da ita, amma ba a gusar da ita da wata cutar da ta kai ta ko ta fi ta.

Haka nan batun ruwa. Addininmu ya hana israfi ko da a wajen alwala ne, to ina ga shayar da ciyawar ado a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, mata da yara suna layi a bakin burtsatse? Kiri-kiri tana da wata baiwa, ita ce idan ta rasa ruwa sai ta bushe a sama ta yi barci, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Saboda haka mai hankali zai taƙaita shimfiɗarsa gwargwadon ruwan da yake da shi, ya bar ta ta huta da rani, ya yi amfani da wannan lokaci wajen haƙe tofa da aya-aya, ya ba maƙwabcinsa rarar ruwan.

KAMMALAWA

Ya ku jama'a, ina da roƙo biyu. Na farko ga malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya: idan damina ta kama, ku fita da ɗalibai harabar makaranta, ku gayyato dattijo manomi, a tumɓuko ciyayin nan guda bakwai da saiwarsu, a manna kowace a takarda, a rubuta sunanta da kashin da take ciki, domin yaran da ke tasowa yanzu da yawansu sun san sunan maganin feshi amma ba su san sunan abin da ake fesawa ba. Na biyu ga masu gidaje: kowa ya duba har wajen katangarsa, gama ƙarangiyar da ke bakin hanya gobe tana tsakar gidan wani, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce a koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya fara a wannan damina, ya san ciyawarsa, ya cire 'yar iri kafin ta yi iri, ya haƙe mai saiwa da rani, ya cike gurbi da dashe, in Allah ya yarda kafin damina ta uku 'ya'yansa za su taka tsakar gida ba takalmi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani da ikon aiki da shi, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.